Martin Offiah da Tarihin Zari-Ruga na 'Yan Sha Uku

Martin Nwokocha Offiah tsohon ɗan wasan zari-ruga ne na Ingila. An haife shi ranar 29 ga Disamba 1965 a unguwar Hackney ta birnin Landan, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne, 'yan ƙabilar Ibo. Ya riƙi wasan 'yan sha uku a matsayin sana'a daga 1987 zuwa 2001. Ɗan gefe ne, gudu ne makaminsa. Sau 501 ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa, kuma a tarihin wasan a Birtaniya mutum biyu kaɗai suka wuce shi: Brian Bevan ɗan Ostareliya mai 796, da Billy Boston ɗan yankin Wales mai 571. Cikin haifaffun Ingila babu wanda ya kamo shi. Rayuwarsa ta wasa ta faɗo daidai shekarun ƙarshe na wata gaba da ta raba zari-ruga gida biyu har shekara ɗari, kuma yana cikin mutanen farko da suka ƙetara suka dawo.

Wasa ɗaya, gida biyu

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan sha biyar, wanda aka fi gani a talabijin, wanda Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniyarsa sau huɗu, kuma shi ƙungiyar Barewa ta Kano take bugawa. Akwai kuma na 'yan sha uku, wanda mutanen Ingila ke kira lig. Wannan na biyun shi ne sana'ar Offiah.

Kuɗi ne ya raba su. A ƙarshen ƙarni na 19, masu buga wasan a kudancin Ingila yawanci 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga manyan makarantun kwana, suna yi don nishaɗi. A arewa kuwa, a Yorkshire da Lancashire, masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu da 'yan dakon tashar jirgin ruwa. Ranar Asabar ake wasa, Asabar ɗin kuma ranar aiki ce. Wanda ya bar aiki ya bi ƙungiyarsa wani gari ya yi asarar kuɗin yini, in kuma ya samu karaya a fili, tukunyar gidansa ta sauka. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa. Hukumar wasan ta ƙi a taronta na 1893. Ranar 29 ga Agusta 1895 aka yi zama a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar. Abin da suka amince a biya shi ne sule shida a yini, ga wanda ya rasa aikinsa saboda wasa.

A Dawce ko Matameye, inda ɗan kokowa ke shiga fili bayan an kai amfanin gona gida, ya kayar da abokin karawarsa a yi masa kari da kuɗi ko hatsi, ba wanda zai ga abin kunya a nan. Guminsa ne. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa a Nijar, kuma sarkin kokowa da kyautarsa yake komawa gida, jiharsa ta fito tarbarsa. Hukumar 'yan sha biyar ta Ingila ta tsaya a kan akasin haka. A wurinta wanda ya karɓi kuɗin wasa ya ɓata, wanda ma ya buga wasan gwaji guda da ƙungiyar 'yan sha uku an kore shi ke nan har abada. A Faransa abin ya fi haka muni: gwamnatin Vichy ta haramta wasan 'yan sha uku a Disambar 1941, aka ƙwace dukiyar hukumarsa.

Da yake da kuɗin ƙofa ƙungiyoyin arewa suke rayuwa, dole suka gyara wasan yadda zai burge 'yan kallo. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, fili ya buɗe. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, a hannu ake ɗaukarta a ruga, kuma ba a miƙa wa abokin wasa ita ta gaba, sai gefe ko baya. In aka kama mai ƙwallo aka kai shi ƙasa, sai a sake shi ya miƙe, ya ajiye ta ya tura ta baya da tafin ƙafa, na bayansa ya ɗauka. Tun 1972 ƙungiya kamu shida take da shi, in ba ta ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Dangwala ƙwallo a bayan layi, tun 1983, maki huɗu ne, bugun da ke biyo baya kuma maki biyu. Minti 80 ake yi ana karo ƙirji da ƙirji. Manyan ƙarti na tsakiya su ne ke cin duka suna matsar da ƙwallo taku-taku, domin a samu ɗan sarari a bakin layi a miƙa wa ɗan gefe. Shi kuma aikinsa ya ƙarasa.

Waɗanda suka share masa hanya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya kai ganiyarsa. A watan Mayun 1954 mutum 102,569 suka cika filin Odsal na Bradford don kallon Warrington da Halifax. Duk da wannan cunkoso, 'yan wasan ma'aikata ne: mutum ya yini a ramin kwal ko a masana'anta, da yamma ya je atisaye, ran wasa kuma in an ci a ba shi kuɗin nasara, in an sha kashi a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ƙungiyar da ke biyan kuɗi don ta ci wasa ba ta da halin tsayawa duba launin fatar mai iya ci mata. Wannan ne, a ganina, ya sa wasan 'yan sha uku ya riga sauran wasannin Birtaniya buɗe wa baƙar fata ƙofa, ko da yake bai wanke kansa daga wariya ba. Roy Francis ya buga wa Birtaniya a 1947, daga baya ya zama koci, ya kai Hull ga lashe gasar ƙasa a 1956 da 1958. Cec Thompson, maraya da ya fara wasa da ƙyar yake rubuta sunansa, ya sa rigar Birtaniya a 1951, kuma bayan ya bar fili ya yi karatu har jami'a ya zama malamin makaranta. Billy Boston ya baro Cardiff ya koma Wigan a 1953, ya ci mata dangwale 478. A 1972 Clive Sullivan ya jagoranci Birtaniya ta ɗauki kofin duniya a Faransa, shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin wata tawagar ƙasa ta Birtaniya. A ƙwallon ƙafa kuwa sai 1978 Viv Anderson ya zama baƙi na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila.

Daga Landan zuwa Widnes

Offiah bai taso cikin wannan duniyar ba. Ɗan Landan ne, kuma a Woolverstone Hall ya yi karatu, makarantar kwana a Suffolk da hukumar ilimin Landan ke kai yaran birni. A can ya koyi wasan takobi da kurket da zari-ruga na 'yan sha biyar. Ya buga wa Ipswich, sannan Rosslyn Park ta Landan, har aka fara maganar zai iya shiga tawagar Ingila. A 1987 kocin Widnes, Doug Laughton, ya gan shi a gasar 'yan bakwai-bakwai ta Middlesex, ya neme shi.

Shawarar ba ƙarama ba ce ga saurayi ɗan shekara 21. Sa hannu ɗaya zai rufe masa ƙofar wasan da ya tashi a ciki, ba komowa. Widnes kuma ƙaramin gari ne na masana'antun sinadarai a bakin kogin Mersey, inda bai san kowa ba, wasan ma bai taɓa buga shi ba. Ya sa hannu.

A kakarsa ta farko, 1987 zuwa 1988, ya ci dangwale 42, ya fi kowa a ƙasar, Widnes ta lashe gasar lig, shi kuma aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara. Kaka ta biyu ta fi ta farko: 58 a wasa 41. A wasan ƙarshe na kakar, a Afrilun 1989, Widnes ta karɓi baƙuncin Wigan a filinta na Naughton Park, wanda ya ci shi ne zakara. Offiah ya ci uku, aka tashi 32 da 18. A watan Oktoba na shekarar aka haɗa zakarun Ingila da na Ostareliya a Old Trafford. Canberra Raiders ta fara yin gaba da maki 12 ba ko ɗaya, amma Widnes ta farfaɗo ta ci 30 da 18, biyu daga hannun Offiah. Lokacin da ya bar garin yana da dangwale 181 a wasa 145.

Gudu kaɗai ba ya kawo irin wannan adadi, domin masu gudu suna da yawa. Abin da ya bambanta shi shi ne karanta wasa. Ba ya tsayawa a bakin layi yana jiran a kawo masa. Da zarar ya ga wani ƙato na tsakiya zai fasa, sai ya baro gefensa ya bi bayansa, ta yadda in an kama wancan, ga shi a kafaɗarsa yana jiran ƙwallo. Kuma yana da wata dabara ta rage gudu kamar ya gaji, mai tsaron baya ya saki jiki, sannan ya ƙara wuta ya bar shi a tsaye. Masu sukarsa sun ce ba ya son kamu, tsaronsa da rauni, musamman a farkon zuwansa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba don tsaro aka saye shi ba.

Turawa sun kasa furta sunansa daidai. Ofiya ne, su kuma suka riƙa jan shi yadda ya yi kama da kalmarsu ta wuta, daga nan suka laƙaba masa Chariots, saboda fim ɗin Chariots of Fire na 1981 a kan masu tsere. Laƙabin ya bi shi har yau.

Wani abin da ya jawo masa surutu shi ne murnarsa. In ya ci, ba ya sunkuyar da kai ya koma tsakiyar fili kamar yadda mutanen arewacin Ingila suka saba gani. Yakan yi rawa, ya ɗaga hannu, ya fuskanci magoya bayan abokan hamayya. Wasu suka kira shi mai girman kai. A filin kokowar Damagaram da ba wanda zai ɗaga gira, domin wanda ya yi kaye shi ke da fili, ya yi kirari ya taka rawa makaɗa na bin sa. Kuma a filayen da yake wannan rawar akwai masu zaginsa saboda launin fatarsa, abin da shi da kansa ya sha ba da labari. Saurayin da ake yi wa haka, ya amsa da ci sannan ya yi rawa a gaban masu zagin, ban ga laifinsa ba.

Wigan

A ƙarshen 1991 ya samu saɓani da Widnes a kan neman tafiya, ya yi watanni bai buga ba. A Janairun 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a duniyar wasan. Ba a wuce wannan adadi a ciniki na kuɗi tsaba ba sai 2006, lokacin da Wigan ɗin dai ta biya fam 450,000 a kan Stuart Fielden.

Wigan ta wancan zamani ta sha gaban kowa, domin 'yan wasanta sun bar sauran ayyuka sun koma wasa kaɗai, alhali abokan karawarsu da yawa sai sun taso daga aiki suke zuwa atisaye. Ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, gasar lig kuma sau bakwai a jere daga 1990 zuwa 1996. Offiah ya samu huɗu na kofin da biyar na lig. Yana tare da su Shaun Edwards da Andy Farrell da Jason Robinson, a watanninsa na farko kuma Gene Miles ɗan Ostareliya ne ke kusa da shi yana ba shi ƙwallo. A Mayun 1992, a wasa guda da Leeds, ya ci goma shi kaɗai, aka tashi 74 da 6. Kocin Leeds a ranar shi ne Doug Laughton, mutumin da ya kawo shi cikin wasan.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru ranar 30 ga Afrilu 1994 a Wembley, wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, da Leeds ɗin dai. Leeds ta matsa wa Wigan tun farko, ta tura ta har bakin layinta. Offiah ya baro gefe ya shigo tsakiya ya karɓi ƙwallo 'yan taku kaɗan daga sandunan ƙungiyarsa, wurin da ɗan gefe ba shi da aikin yi. Ya kutsa tsakanin masu tsaro biyu, sai ga fili a buɗe. Saura mutum ɗaya, Alan Tait, mai tsaron bayan Leeds, tsohon abokin wasansa a Widnes, wanda ya san duk dabarunsa kuma shi ma ba baya ba ne wajen gudu. Offiah ya nufo shi, ya karkata kamar zai bi ta ciki, Tait ya ɗan tsaya, shi kuwa ya lanƙwasa ya yi waje, ya yi masa fintinkau har kusurwar dama. Kusan tsawon filin gaba ɗaya ya gudu. Da ya dangwala ƙwallon, mutumin da aka sani da rawa bai yi rawa ba. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya dafe kai. Wigan ta ci 26 da 16, ya ƙara ɗaya kafin a tashi, aka ba shi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe karo na biyu, bayan wadda ya samu a 1992 da Castleford. Wata guda bayan haka Wigan ta bi Brisbane Broncos har gida ta doke ta 20 da 14. Ya bar Wigan da dangwale 186 a wasa 159.

Rigar ƙasa

Ya buga wa Birtaniya wasa 33 ya ci 26, biyar daga ciki a wasa ɗaya da Faransa a 1991. Ya kuma buga wa Ingila. Ostareliya ce ta gagare su. Yana cikin waɗanda suka ci a Sidni a 1988, ranar da Birtaniya ta doke ta 26 da 12 bayan shekara goma ba nasara, ya sake ci a Wembley a 1990 da Melbourne a 1992. Amma duk waɗannan wasa ɗaya-ɗaya ne cikin uku, Ostareliya ke ɗaukar sauran. Sau biyu ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Wembley, 1992 da rigar Birtaniya da 1995 da ta Ingila, sau biyun Ostareliya ta ɗauke, 10 da 6, sannan 16 da 8. Ya kuma yi zaman wucin gadi a ƙungiyoyin Sidni, Eastern Suburbs da St George.

Faɗuwar katanga

A 1995 abubuwa biyu suka juya wasan. Kuɗin talabijin na Rupert Murdoch ya shigo, aka kafa gasar Super League wadda ta fara a 1996, aka mayar da wasa daga hunturu zuwa bazara. A watan Agustan 1995 kuma, shekara ɗari bayan zaman Huddersfield, hukumar 'yan sha biyar ta duniya ta yarda a biya 'yan wasa. Abin da aka kori leburorin Yorkshire a kansa ya zama halal ga kowa.

A Mayun 1996 aka haɗa Wigan da Bath, zakarun ɓangarorin biyu, wasa biyu, kowanne da dokokin ɗaya. A Manchesta, da dokokin 'yan sha uku, Wigan ta ci 82 da 6, Offiah ya ci shida. A Twickenham, hedikwatar 'yan sha biyar, Bath ta rama da 44 da 19. A cikin watan ne kuma aka gayyaci Wigan gasar 'yan bakwai-bakwai ta Middlesex a Twickenham, gasar da Laughton ya hango Offiah a cikinta shekara tara da suka wuce, filin da tun komawarsa wasan 'yan sha uku ba zai taka ba a matsayin ɗan wasa. Wigan ta ɗauke kofin.

A shekarar ya koma garinsu, ya shiga London Broncos, yana kuma buga wa Bedford wasan 'yan sha biyar a lokacin hunturu. Shekaru sun fara ja, raunuka sun taru, amma a 1999 ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Broncos, na ƙarshe da aka buga a tsohon filin Wembley kafin a rushe shi. Shi ya fara ci a ranar, duk da Leeds ta lallasa su 52 da 16. Ya yi kaka biyu a Salford, 2000 da 2001, inda ya cika ɗari biyar, sannan ya ɗan taɓa wasan 'yan sha biyar a Wasps ya rataye takalmi.

Buɗe ƙofar ya fi amfanar ɓangaren 'yan sha biyar, wanda ya fi kuɗi da faɗin duniya. Hanyar da a da take kai gwanaye daga kudu da Wales zuwa arewa ta juya. Jason Robinson ya koma can ya ɗauki kofin duniya da Ingila a 2003, Shaun Edwards da Andy Farrell suka zama manyan masu horarwa a can. Irin cinikin da ya kawo Boston da Offiah arewa ya ƙare.

Bayan wasa

An ba Offiah lambar girmamawa ta MBE a 1997, aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan a 2013. Ya yi sharhin wasanni a talabijin, ya kuma fito a zangon farko na gasar rawa ta BBC a 2004. A ƙasar iyayensa wasan ya fara tsiro: a 2019 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas, tare da Ghana da Kamaru da Maroko, ta kuma lashe ta.

Ranar 29 ga Agusta 2015, shekara 120 daidai da zaman otal ɗin George, aka buɗe wani mutum-mutumi na tagulla a harabar sabon filin Wembley. Mutum biyar ne a jiki: Eric Ashton, Billy Boston, Alex Murphy, Gus Risman da Martin Offiah. Biyu daga cikin biyar ɗin baƙar fata ne. A Yunin 2025 Sarki Charles ya ba Boston, yana da shekara 90, sarautar Sir, karo na farko da wani ya same ta saboda zari-ruga na 'yan sha uku. A jikin tagullar, an ƙera Offiah ne a durƙushe, yadda ya yi a kusurwar filin a 1994.